Quadro ko katin 'yan gem: wanne za ka saya idan mainin ɗin kirifto ne a ranka?

Makon jiya ƙanena ya turo min hoto ta WhatsApp, wata HP Z440 ce ta gwanjo an buɗe gefenta, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, mai shagon ya ce katin injiniyoyi ne a ciki, Quadro, wai sabonsa ya fi na 'yan gem tsada nesa ba kusa ba, in na saya zan iya mainin da shi?" Na ja hoton na ƙara girmansa sai ga K2200 a rubuce a jikin katin. Nan take na kira shi na ce kar ya biya ko kwabo sai mun yi magana. Kuma ba shi kaɗai ba ne, ana yawan yi min wannan tambayar, domin waɗannan tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell Precision da HP Z suna shigowa da yawa kuma kusan duk da Quadro a cikinsu suke zuwa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin a tsanake kowa ya amfana.

Da farko dai ba mainin ɗin waya nake nufi ba, irin danne-dannen da aka yi ta yi lokacin Hamster Kombat a 2024. Ina maganar wanda kati zai zauna yana lissafi dare da rana, yana shan wuta yana fitar da zafi, ana biyanka gwargwadon yawan lissafin da ya yi a daƙiƙa guda, wato hashiret. Kuma ba Bitcoin ba, wannan an daɗe da wuce wurin, injinan ASIC, wato injinan da aka ƙera don mainin kaɗai, su ne suka mamaye shi, Antminer S19 Pro guda ɗaya yana yin 110 TH/s, wato lissafi tiriliyan 110 a daƙiƙa, da wat 3,250, babu katin girafik ɗin da zai ko leƙa ƙofar gidan.

Toh abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, katin aiki, wato irin su Quadro da ake yi wa injiniyoyi, da katin gem uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ɗauki RTX A4000, wanda NVIDIA ta fitar a 2021 bayan ta daina amfani da sunan Quadro, ka ajiye shi kusa da RTX 3070. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsu iri ɗaya ce, GA104. Mamorinsu duka GDDR6 ne, kuma gudun da bayanai ke shiga da fita daga mamorin daidai yake, 448 GB a daƙiƙa. Bambancin, A4000 yana da 16 GB shi kuma 3070 yana da 8 GB, A4000 an ɗaure shi a wat 140 shi kuma 3070 yana kaiwa 220, sai farashi: 3070 dala 499 aka sa masa, A4000 wajen dala 1,000. Da aka ɗora su a kan kuɗin kirifto na Ethereum lokacin da ana haƙarta, wato ana mainin ɗinta, me aka samu? Dukkansu wajen 60 MH/s, wato lissafi miliyan 60 a daƙiƙa. Har RTX 3060 Ti da aka sa wa dala 399 shi ma wajen 60 ɗin yake bayarwa, saboda shi ma 448 GB ɗin nan yake da shi. Yi lissafin da kanka, kowane MH ɗaya a A4000 ya tashi kusan dala 17, a 3060 Ti bai kai dala 7 ba.

Dalilin yana da sauƙin ganewa idan ka taɓa tsayawa layin ruwa. Girman mamori kamar girman tanki ne, gudun mamori kuma kamar faɗin bututun da ruwan ke fitowa ta ciki. Tsarin lissafin da aka haƙi Ethereum da shi, Ethash, yana ajiye wani ƙaton fayil a mamorin katin da ake kira DAG, sai ya yi ta ɗebo bayanai daga cikinsa ta ko'ina ba kakkautawa. Muddin fayil ɗin ya shiga tankin, sauran wurin da ya rage ba ya ƙara maka komai, abin da ke cika jarkarka da sauri faɗin bututu ne. Shi ya sa mai 16 GB da mai 8 GB suka tashi kunnen doki. Shi ya sa kuma RTX A6000 mai 48 GB da aka sayar sama da dala 4,500 bai kamo RTX 3090 na dala 1,499 ba, domin A6000 bututunsa 768 GB ne, na 3090 kuwa 936 GB saboda GDDR6X da aka sa masa, 3090 yana yin wajen 120 MH/s. Ka ga ka biya ninki uku ka samu ƙasa da abin da mai ninki ɗaya ya samu. A ɓangaren AMD ma haka labarin yake, Radeon VII na dala 699 da Radeon Pro VII na dala 1,899 duka 16 GB na HBM2 suke da shi mai gudun wajen terabait ɗaya a daƙiƙa, to ina amfanin ƙarin dala 1,200 ɗin ga mai mainin?

Ba wai kuɗin banza ake karɓa ba fa, kar a fahimce ni a karkace. Abin da kake biya a katin aiki na gaske ne, sai dai ba don mainin aka yi shi ba. Akwai ECC, wato mamorin da ke gano kuskure ya gyara da kansa, wanda injiniyan da ya bar kwamfuta tana lissafin ƙarfin gada na kwana biyu yake buƙata, domin kuskure ɗaya zai iya ɓata masa aikin duka. Mai mainin kuwa idan kuskure ya faru ɗan guntun lissafi ɗaya da ya tura kawai aka ƙi karɓa, a wuce wurin, har ma masu mainin kashe ECC ɗin suke yi don yana ɗan cin gudu. Akwai direbobi, wato manhajar da ke tafiyar da katin, da aka gwada aka tabbatar da su a manhajoji irin su SolidWorks da Revit da AutoCAD da Maya, wanda manhajar mainin ko sanin suna nan ba ta yi ba. Sai ƙaton mamori da muka riga muka yi magana. Duk waɗannan kamar ka sayi motar asibiti ne da gado da tukunyar iska a ciki alhali dakon buhunan masara za ka yi da ita, za ta ɗauka mana, amma kuɗin gadon ya tafi a iska.

To me ya sa har yau za ka ji wasu na rantsuwa cewa katin aiki ya fi? Saboda akwai lokacin da maganarsu gaskiya ce, kuma ina ganin nan ne ya kamata a tsaya a fahimta sosai. A farkon 2021 katunan gem sun yi ƙaranci a duniya, ga ƙarancin kayan haɗa su ga masu mainin suna kwashewa da kwali-kwali, farashi a kasuwa ya ninka wanda kamfani ya sa. 'Yan gem suka yi ta kuka, sai NVIDIA ta fito da abin da ta kira LHR, wato ta sa wa katin takunkumi, da zarar ya gane Ethereum ake haƙa da shi sai ya rage gudu zuwa kusan rabi. Ta fara da RTX 3060 a watan Fabrairun 2021, zuwa Mayu ta sa wa sababbin 3060 Ti da 3070 da 3080. Ta kuma fitar da wasu katunan na mainin zalla masu suna CMP waɗanda ko wurin jona allo ba su da shi. Amma katunan aiki, su A2000 da A4000 da A5000, ba a sa musu takunkumin ba. Kwatsam sai lissafi ya juye, 3070 mai takunkumi da ake sayarwa da tsadar 'yan kasuwa yana ba da rabin gudunsa, A4000 kuma yana ba da 60 ɗinsa cur a farashin da bai yi wani nisa da shi ba, a lokacin da Ethereum ke hawa har ta wuce dala 4,800 a Nuwamban 2021 kuma kati mai 60 MH/s yana iya kawo dala 3 zuwa 5 a rana. Wanda ya sayi A4000 a wannan tsakanin ya yi dabara, ba musu.

Sai dai ƙofar ba ta daɗe a buɗe ba. A watan Mayun 2022 masu manhajojin mainin, NiceHash a kan gaba, suka karya takunkumin gaba ɗaya, katunan gem suka dawo da cikakken gudunsu. Ran 15 ga Satumba 2022 kuma Ethereum ta daina amfani da haƙa kwata-kwata, ta koma tsarin ajiye jari. Wata guda bayan haka NVIDIA da kanta ta cire LHR daga direbobinta. Don haka duk bidiyon da ka gani a YouTube ana yabon A4000 a mainin, fara duba ranar da aka ɗora shi, yawancinsu na wancan lokacin ne, kuma dalilin yabon ya riga ya mutu.

Akwai kati ɗaya da har yanzu nake girmamawa a cikinsu, RTX A2000. Ranar da na fara riƙe shi a hannu na yi mamaki, tsawonsa bai fi tafin hannu da 'yan yatsu ba, ba shi da wurin jona wayar wuta ko ɗaya, daga ramin da ake soka shi a madabod yake shan wat 70 ɗinsa shi kenan, amma yana ba da wajen 40 MH/s a Ethash. Idan ka raba gudu da wuta za ka ga ya fi 3060 Ti da aka saita a wajen wat 120, ya fi 3090 da ke shan kusan wat 300 nesa. Ga mai sola wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kowane wat da ka rage, ragin faranti ne da ragin batir. Kuma yana shiga ƙaramar kwamfutar ofis ba sai ka canza fawa safilai ba. A nan ne kaɗai zan ce katin aiki yana da fifiko na asali wanda ba takunkumin wani ne ya ba shi ba: kamfani ya riga ya saita shi ya sha wuta kaɗan. Amma ko wannan ɗin, katin gem ma idan ka rage masa wuta da hannunka a manhaja irin MSI Afterburner ko HiveOS yana matsowa kusa, 3070 ɗin da aka rubuta wa 220 masu mainin a wajen 120 zuwa 130 suke gudanar da shi ba tare da gudun ya ragu ba.

Yanzu maganar zafi, wadda a wurinmu ta fi kowace muhimmanci kuma masu bidiyon Turai ba sa damuwa da ita. Yawancin katunan aiki fanka ɗaya gare su, irin mai hura iska ta cikin dogon akwati ta fitar ta baya. An yi su ne don a jera su a cikin rufaffiyar kwamfuta a ofis mai AC. A4000 siriri ne, rami ɗaya yake ci, wanda abin so ne in kana son jera shida a wuri ɗaya, amma ƙarfen da ke ɗauke masa zafi ɗan mitsitsi ne, fankar sai ta yi ta ihu kafin ta iya riƙe shi. Na taɓa buɗe wani da aka kawo min bayan ya yi hunturu guda yana aiki a ɗaki mai taga a buɗe, da na cire murfin sai ga ƙurar ta daskare a bakin haƙoran ƙarfen kamar an manna audugar katifa, jawur, iska ba ta da hanyar wucewa ko kaɗan, fankar tana juyawa amma ba abin da take hurawa. A katin gem mai fanka biyu ko uku a fili kana ganin ƙurar da idonka ka hure ta da bulowa a minti biyu, shi kuwa wannan sai ka kwance sukurori. Haɗa wannan da zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri da ke wuce digiri 40. Katunan gem ma ba su tsira ba, mamorin GDDR6X na 3080 da 3090 ya yi suna wajen zafi, yana haura digiri 100 a mainin, a 110 katin yake rage gudu da kansa, shi ya sa mutane suka yi ta canza musu faifan ɗaukar zafi. Amma in aka ce in zaɓa don ɗakin da babu AC, 3060 Ti ko 3070 mai manyan fankoki zan ɗauka a kan A4000.

Su kuma katunan NVIDIA masu suna Tesla da aka yi wa saba, wato manyan kwamfutocin cibiyoyin ajiye bayanai, irin su K80 da P40 da ake samu da arha a intanet ana tallar yawan mamorinsu, ba su da fanka ko ɗaya, iskar saba suke dogara da ita, ba su da wurin jona allo kuma. Ka bar su kawai in ba ka san yadda za ka haɗa musu iska ba.

Toh a yau me ya rage a haƙa? Akwai Ethereum Classic, akwai Ravencoin, akwai Ergo da wasu ƙanana. Matsalar, ranar da Ethereum ta rufe haƙa, miliyoyin katuna suka kwararo kan waɗannan ƙananan kuɗaɗen da ladarsu duka in an haɗa ba ta kama ƙafar ta Ethereum ba, kaso ya zama ɗan ƙiris, yawancin katuna suka koma kawo 'yan sentoci a rana. Kaspa ta ɗan farfaɗo da mutane, a 2023 injinan ASIC nata suka fito suka kori katuna. Monero kuwa tun 2019 ta koma tsarin da ya fi son farosesa. Sannan Ravencoin tsarinta KawPow ba mamori kaɗai yake wahalarwa ba, har ƙwaƙwalwar katin, ma'ana ƙarin wuta da ƙarin zafi, a nan katin aiki da aka ɗaure a wat 70 ko 140 ba shi da sararin motsi, katin gem yana da shi.

Mu zo kan mita. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar Band A naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta ya dawo wajen naira 209. A4000 a wat 140 na awa 24 yunit 3.36 kenan, a wancan farashin wajen naira 700 a rana, wajen 21,000 a wata, katin kaɗai fa, ban sa madabod da fanka da intanet ba. A2000 rabin haka. Kafin ka sayi komai ka buɗe shafin WhatToMine mai lissafa ribar mainin, ka zaɓi katin, ka sa kuɗin wutarka, ka ga abin da zai rage, kuma ka duba na kwanaki da yawa ba na rana ɗaya ba don abin hawa da sauka yake. Ka tuna ko Band A ɗin alƙawarin awa 20 ne, wanda ba ya Band A wutarsa ta fi arha amma awoyinsa sun fi kaɗan, kati kuma in yana kashe ba ya kawo komai alhali darajarsa tana ta zubewa. Janareta kuwa kar ma a fara, man da za ka ƙona ya ninka abin da katin zai kawo. Wanda nake ganin yana da ɗan dalili shi ne mai solar da ta fi ƙarfin gidansa, batir ya cika tun hantsi, wutar rana tana tafiya a banza, shi wannan in ya jona A2000 daga hantsi zuwa la'asar bai yi asara ba, amma kar ya yi tsammanin zai biya kuɗin makaranta da shi.

Inda katin aiki ya yi wa na gem fintinkau yau ba a mainin ba ne, a rayuwarsa ta bayan mainin ne. CMP da aka yi don haƙa kaɗai, ranar da haƙa ta mutu darajarsa ta faɗi warwas don ko allo ba za ka jona masa ba. 3060 Ti yana da masu saye, 'yan gem da masu editin bidiyo, amma an zubo su kasuwa da yawa. A4000 kuwa 16 GB ɗin nan da ba ta yi wa mai mainin amfanin komai ba ita ce yanzu ake nema, masu zanen gini da masu Blender da masu gudanar da manhajojin AI a kwamfutarsu duk mamori suke bi, abin da 8 GB ta kasa ɗauka 16 tana ɗauka. Haka A5000 mai 24 GB, duk da a nan 3090 na gwanjo shi ma 24 GB gare shi kuma yawanci ya fi arha, sai dai wat 350 ne a kan 230. Akwai ma masu ba da hayar katinsu ta intanet a wurare irin su Vast.ai, amma wannan yana son wutar da ba ta ɗaukewa da intanet mai ƙarfi, mai haya ba zai dawo wurin wanda aikinsa ya yanke a tsakiya ba.

Saboda haka ga yadda nake ba mutane shawara. In kai mai zanen gini ne ko injiniya ko mai editin, kana buƙatar katin don sana'arka, sayi A4000 ko A2000 mai 12 GB hankalinka kwance, sana'ar ce za ta biya kuɗinsa, in ka ga dama ka gwada mainin da rana a kan sola don ka koyi yadda abin yake. In burinka gem ne da ɗan gwaji, 3060 Ti ko 3070 ya ishe ka, kar ka ƙara ko naira don sunan Quadro. In kuwa mainin zalla ne, kuɗi za ka zuba don riba, gaskiya ban ga wanda zan ce ka saya ba a cikin biyun, kuma na fi tsananta hani a kan na aikin domin shi ne ya fi nisan mayar da uwar kuɗi. Tsofaffin Quadro ma, P4000 mai 8 GB ɗan'uwan GTX 1070 ne da aka rage wa wuta zuwa wat 105, ko a zamanin Ethereum 1070 ɗin ya fi shi gudu.

In za ka sayi na gwanjo ko wanne ne, kar ka yarda da takardar da aka manna a jiki. Ka sa a jona shi a gabanka, ka buɗe manhajar GPU-Z ka ga sunan ƙwaƙwalwar da girman mamori sun yi daidai da abin da aka faɗa, don akwai katunan da ake canza wa suna. Ka ba shi aiki mai nauyi na minti talatin kana kallon zafin mamori a manhajar HWiNFO, ka saurari fankar ko tana ƙara, ka juya bayansa ka duba ko akwai maiƙo a kusa da mamori ko kan sukurori sun cinye, alamun ya sha wahala kenan ko an sha buɗe shi.

Shi kuma ƙanena, na yi masa bayanin K2200 ɗinsa dalla-dalla. Katin 2014 ne, ƙwaƙwalwarsa irin ta GTX 750 Ti, 4 GB gare shi da bututu mai 80 GB a daƙiƙa, ka kwatanta da 448 ɗin da muke ta magana. DAG na Ethereum ya wuce 4 GB tun ƙarshen 2020, wato kusan shekara biyu kafin a rufe haƙar ma wannan katin ya riga ya fita daga layi. Ya yi shiru, sannan ya ce toh amma AutoCAD ɗin da suke yi a makaranta fa, zai ja? Na ce wannan kam zai ja, aikin da aka ƙera shi dominsa kenan. Ya koma shagon washegari, ya cire maganar mainin daga cinikin, aka rage masa kuɗi, ya ɗauko kwamfutar ya kawo min na hure mata ƙura na ƙara mata mamori.